Ƙannena Kanikawa, Kada Ku Fara da Famfon Injekta

Ƙannena da kuke koyon aiki a garejojin manyan motoci, akwai koke guda da za ku yi ta ji daga bakin direbobi har ku tsufa a sana'ar nan: "Mota ba ta ja." Wani zai ce in ya taka totur sai ta yi jim kafin ta amsa. Wani ya ce shaƙewa take yi a hawa. Wani kuma ya ce tudun da ya saba hayewa da giya ta huɗu, yanzu sai ya sauko ta biyu. A wajen direba duk ciwo ɗaya ne. A wajenku kuwa ciwuka ne sun fi goma, maganin wani bai kai kuɗin abincin rana ba, na wani kuma ya isa ya lashe ribar mai mota ta wata da watanni. Roƙona gare ku shi ne kada ku fara da mai tsadar. A garejoji da yawa, da an ji mota ba ta ja sai hannu ya nufi famfon injekta, ko a kwance shi ko a murɗa shi. Wannan ɗabi'a ta kashe injina masu rai, ta jefa bayin Allah cikin bashi, kuma ba na so ku gaje ta.

Zan yi maganar a kan motar da kowa ya sani, Marsandi 911 mai gajeren hanci, wadda wasu ke kira roka. A 1959 aka fara ƙera danginta a Jamus, aka ci gaba har cikin shekarun 1990, kuma daga 1980 kamfanin ANAMMCO da ke Enugu ya riƙa harhaɗa motocin Marsandi a nan gida. Injin da aka fi samu a cikinta shi ne OM 352, mai silinda shida, lita 5.7, ƙarfinsa tsakanin doki 110 da 130 gwargwadon shekarar ƙira. Ku riƙe wannan lissafi. Ƙananan motocin shiga da yawa na yau sun fi ta doki. Ita ba ta da rarar ƙarfi ko kaɗan, don haka in ta rasa kashi ɗaya cikin goma, direba zai ji a jikinsa. Masu ƙirar kuma sun tsara ta ne a kan tan tara, nauyin motar da na kayan a haɗe. Kun san irin lodin hatsi da ake yi mata daga Dawanau, kun ga yadda ake tula mata itace da albasa. Wani lokaci motar lafiyarta ƙalau, zaluntar ta ake yi, kuma wajibi ne ku faɗa wa mai ita haka cikin ladabi.

Kafin ku ɗauki sifana, ku zauna da direba. Ku ba shi girmansa, domin shi ne ke wuni da motar yana kwana da ita, amma ku tambaye shi abin da ya ji da abin da ya gani, ba abin da yake zato ba. Yaushe abin ya fara? Rana ɗaya ya faɗo, ko sannu a hankali ƙarfi ya yi ta raguwa? Abin da ya zo farat ɗaya, wani abu ne ya toshe, ya fashe ko ya kwance. Wanda ya zo a hankali, ko datti ne ya taru ko ƙarfe ya cinye. Da sanyin safiya take yi, ko sai ta ɗau zafi? In tanki ya cika tana yi, ko sai mai ya yi ƙasa? A ina ya sha mai na ƙarshe? Wa ya taɓa motar kafin ta zo nan, me ya yi mata? Wannan tambaya ta ƙarshe ku yi ta a natse, don direba kan ji kunyar cewa ya riga ya kai ta wani wuri. Yaron mota ma ku ja shi gefe, sau da yawa shi ne ya san ranar da aka juye jarkar 'yan bumburutu a tanki. Ku kuma tambayi hanyar da ake bi. Injin da ba shi da tobo yana rasa wajen kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau sama, saboda iska tana raguwa. Jos tana bisa mita 1,200 da 'yan kai. Motar da ta saba hanyar Lokoja in ta yi nauyi a Hawan Kibo, ba lallai ne wani abu ya lalace ba.

Sai ku shiga motar a fita da ku, da kaya a bayanta in da hali. Injin da ake wa ihu da totur a tsaye cikin gareji ba ya faɗin gaskiya, domin mai kaɗan yake buƙata ya kai ƙarshen gudunsa in babu abin da yake ja. A kan hanya ku saurara. In an taka totur ƙarar inji ta tashi amma gudun mota bai ƙaru ba, ku bar inji ya huta, kuloci ne ke zamewa, kuma galibi za ku ji ƙaurinsa. In kun tsaya, ku kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi birkinta ne ke riƙewa. Ku duba iskar tayoyi. Ku kashe inji, wani ya danne totur har ƙasa, ku kuma ku leƙa ku gani ko hannun da ke jikin famfo ya kai maƙurarsa. A tsohuwar mota sandunan totur sun sha aiki, gaɓoɓinsu sun yi lako-lako, sai ƙafar direba ta kai ƙasa alhali famfo bai buɗe duka ba. Haka nan birkin inji, wato murfin nan da ke cikin bututun salansa wanda ake rufewa a gangara: in tsatsa da baƙin hayaƙi suka riƙe shi bai koma ya buɗe sosai ba, inji ba zai iya fitar da numfashinsa ba. Duk waɗannan ba su buƙatar sayen komai, kuma ba za su ci muku rabin sa'a ba.

Yanzu ku dubi hayaƙi, a nan ne nake so ku daɗe. Injin gas abu uku yake nema: isasshen mai a daidai lokacinsa, isasshiyar iska, da matsi mai ƙarfi a cikin silinda, domin zafin iskar da aka matse shi ke kunna man, babu fulogi. Duk wanda ya gaza cikin ukun, salansa za ta nuna. Baƙin hayaƙi yana nufin mai ya fi iskar da za ta ƙone shi yawa, ko kuma nozul ba ya fesa shi yadda ya kamata. Fari mai yajin ido, wanda ke warin ɗanyen gas, mai ne ya shiga bai ƙone ba, ko don taimin ya yi latti, ko matsi ya yi rauni. Fari mai kama da tururi, ga ruwan lagireto yana raguwa, ku tuhumi gasket ɗin kan inji. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. Amma alamar da samari suka fi wucewa ba su lura ba ita ce rashin hayaƙin. Mota tana hawa da kaya, totur a ƙasa, ba ta ja, salansa kuma fes. Wannan inji yunwa yake ji. Mai ne ba ya iso masa, kuma laifin kusan kullum yana tsakanin tanki da ƙofar famfo, ba a cikin famfon ba.

To ku bi hanyar man tun daga tushe. Ku buɗe murfin tanki da zarar motar ta fara shaƙewa. In kun ji ya ja iska fuu, hudar numfashinsa ce ta toshe, ko an sauya shi da murfin da ba nasa ba, ko an ɗaure bakin da leda don kada mai ya zuba. Ku haska cikin tanki da tocila. Tsumma, leda, ɓawon tsatsa, duk suna yawo a ciki, tsotson famfo ya jawo su bakin bututu su toshe shi, in an kashe mota su saki. Shi ya sa za ku ji direba ya ce in ya tsaya minti biyar sai ta dawo daidai, can gaba kuma ta sake. A jikin ƙaramin famfon da ke jawo mai, wanda ke da abin bugawa da hannu, akwai ɗan kofi mai rariya a ciki. Mutane da yawa suna canza manyan filtoci sau uku ba su taɓa kwance wannan kofi ba, alhali shi ne ke fara tare datti da ruwa. Ku tsiyayi mai kaɗan a kwalba mai haske ku ajiye. Ruwa ya fi gas nauyi, zai kwanta a ƙasa ku gan shi da idonku. Ku shinshina kuma, ku murza a yatsa. Gas ɗin da aka sirka da kananzir ya fi tsinkewa, ba shi da santsi, kuma santsin nan shi ne ke kare cikin famfo da nozul daga cinyewa.

Akwai kuma shan iska. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo tsotso ake yi, ba turi ba, don haka tiyon da ya tsage ko wosha da ta mutu ba lallai su ɗigar da mai ku gani ba, iska kawai za su riƙa shigarwa. Motar da ke wahalar tashi da safe sai an buga famfon hannu, sannan ta riƙa cijewa a hanya, ku nemi inda take shan iska. Guntun tiyo mai haske da za ku haɗa a layin zai nuna muku kumfa tana wucewa. Gwajin da ya fi kowanne raba gardama kuwa shi ne na jarka. Ku zuba gas mai tsabta a jarka, ku ɗaure ta da kyau, ku ja sabon tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa ƙaramin famfo, ku cire iska, a fita. In ƙarfi ya dawo, kun wanke inji da famfo gaba ɗaya, aikinku ya koma kan tanki da bututunsa. Ina roƙonku kada ku tsotsi mai da baki wajen wannan aiki. Gas ko fetur in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kwantar da shi a asibiti.

In hayaƙin baƙi ne, ku koma wajen iska. OM 352 in yana cikakken gudunsa, wajen juyi 2,800 a minti, yana zuƙar iskar da ta doshi lita 8,000 a kowane minti. Ku auna wannan da ƙurar hunturu, da hanyoyin kasuwannin ƙauye inda mota ke bin bayan mota cikin turnuƙu. Tsofaffin rokoki suna da matatar iska mai kwanon baƙin mai a ƙasa. In aka bar ta, man yakan zama taɓo, ragar ta toshe. A wanke ta, a bari ta bushe sarai, a zuba mai daidai layin da aka zana, kada a wuce. Kada kuma a wanke ta da fetur a mayar da ita a jiƙe. Injin gas in ya samu abin ƙonawa ta hanyar iska yakan ɗauki gudu da kansa, makulli ba zai kashe shi ba, sai an toshe masa iska ko ya tarwatse. Motocin da ke da matatar takarda kuma, in ta toshe a sauya ta. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne in ga an cire matata ɗungurungum an jefar wai mota ta samu numfashi. Za ta ja na 'yan kwanaki, haka ne. Amma ƙurar da ke shiga yashi ce, za ta goge silinda da zobban fistin, injin da zai yi shekaru ya ƙare cikin watanni. A motocin da suka zo daga baya masu tobo, irin su DAF da MAN, ku ƙara da bin tiyoyin da ke kai iska daga tobo zuwa inji. Tsaga ƙarama ko sakakken ɗauri ya isa ya kawo baƙin hayaƙi da fito a hawa.

Sai bayan mai da iska sun wanku za ku buɗe murfin kan inji. Ku auna tazarar bawul da ma'auninta, da adadin da littafin injin ya faɗa, ba da ƙiyasin yatsa ba. Sannan, inji yana kan silo, ku sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. Silindar da ke aiki, in kun hana ta mai, inji zai girgiza muryarsa ta sauya. Wadda kuka sassauta ba abin da ya canza, dama can ba ta aiki. Ku rufe wurin da tsumma mai kauri, ku kau da fuska. Nozul yana buɗewa ne a matsin da ya kai wajen bar 200, feshinsa yana huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kamar ba komai a ido alhali yana iya jawo a yanke yatsa. Kada ku taɓa tara hannu a gaban nozul don ku ji ko yana fesawa. A kai nozul ɗin duka wurin mai na'urar gwaji, a ga matsin da suke buɗewa, a ga ko feshi suke yi ko ɗiga. Ku duba taimin ɗin famfo da alamominsa, musamman in an taɓa sauke shi. Ku buɗe murfin zuba baƙin mai inji yana aiki. In hayaƙi yana bugowa da ƙarfi kamar bakin tukunya, ga wahalar tashi da safe, ga cin baƙin mai, zobba sun tafi, kuma ma'aunin matsi zai tabbatar muku.

Kun ga tsawon tafiyar da muka yi ba mu taɓa famfon injekta ba. Dalili shi ne famfon Bosch mai layi da ke jikin wannan inji yana cikin abubuwan da suka fi komai ƙarko a motar, muddin mai mai tsabta yake sha. Fistocin cikinsa an goge su ne da silindarsu har tazarar da ke tsakani ba ta wuce 'yan kaso kaɗan cikin dubu na milimita ɗaya ba, kowanne da abokinsa, ba a musanya su. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yi masa zane. Abin da aka yi wa irin wannan aiki ba a buɗe shi a kan buhu a ƙasan gareji. Akwai kuma sukurin da ke iyakance yawan man da famfo zai bayar, wanda masu ƙira suka ɗaure da waya suka buga masa darma. Za a zo muku a ce ku tsinke wayar ku "ƙara mata mai". Direba zai ji daɗi ranar farko, domin motar za ta ɗan yunƙura. Amma in asalin matsalar ƙarancin iska ce ko nozul mai ɗiga, kun ƙara mai ne a kan wanda dama ba ya ƙonewa. Zafin cikin silinda zai hau, kan fistin ya fara narkewa, ɗanyen gas ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka baƙin mai, mai mota kuma ya riƙa zuba kuɗin gas yana fita ta salansa, a wannan zamani da gas ya zama abin da ya zama. Wanda ke bin motar a baya a kan babur, da mai tallan da ke bakin titi, su ne za su shaƙi sauran. Ku ƙi, ko da za a ce muku ba ku iya aiki ba.

Masu gyaran a-kori-kura ta fetur, irin Fijo 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, hanyar tunanin ɗaya ce, kayan ne suka bambanta. A nan abin da ake saurin ɗora wa laifi shi ne kafireta. In mota tana yin jim daidai lokacin da aka taka totur sannan ta wuce, ku cire matatar iska, inji a kashe, ku leƙa maƙogwaron kafireta wani ya motsa totur. Ya kamata ku ga tsirin fetur ya fita. In babu, ɗan famfon da ke ba da wannan tsiri ne, ko fatarsa ta mutu ko hudarsa ta toshe. In kuwa a hawa take cijewa tana atishawa, ku fara da wuta: fulogi, wayoyinsu, tazarar kwantak wadda take wajen milimita 0.4, kwandansa, kwayil mai yankewa in ya yi zafi, da siririn tiyon da ke jan taimin gaba. Mai ma yakan zo da nasa sharrin. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Nijeriya, motoci da dama suka lalace a Legas da Abuja, kuma duk wanda ya kwance kafireta a lokacin bai tambayi inda aka sha mai ba, wahalar banza ya yi.

Kowace mota ce, abu ɗaya za ku canza a lokaci guda, sannan ku gwada. In kun sauya filta da nozul da tiyo rana ɗaya mota ta warke, ba ku san wanne ne ya warkar da ita ba, mai mota ya biya uku a kan ɗaya, ku kuma ba ku ƙaru da komai ba. Ku sayi ɗan littafi ku riƙa rubuta lambar mota, abin da direba ya ce, launin hayaƙi, da abin da aka samu a ƙarshe. Duk abin da kuka cire ku ajiye wa mai shi ya gani. In za ku Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen kaya, ku tafi da tsohon a hannu ku gwada, ku kuma faɗa wa mai mota gaskiyar abin da kuka samo, sabo ne, na hannu ne ko kwaikwayo. In maigidanku ya ce a sauke famfo alhali ba a yi gwajin jarka ba, kada ku yi masa gardama a gaban baƙi. Ku same shi gefe ku ce, "Maigida, a ba ni minti ashirin in gwada wani abu tukuna." Mafi yawan iyayen gida za su bari.

In kuma duk an bi an wanke, tanki da bututu da iska da bawul da nozul da matsi, alhali mota ba ta ja, to lokacin famfo ya yi. Ku wanke jikinsa da kewayensa kafin ku kwance ko da bututu ɗaya. Ku juya inji ya tsaya a kan alamar silinda ta ɗaya, ku yi wa mazauninsa shaida. Ku toshe kowace ƙofa da kuka buɗe, ku naɗe shi a leda mai tsabta, ku kai shi tare da nozul shida wurin masu benci, inda za a juya shi a auna abin da kowace silinda ke samu a daidaita su, a mayar da darma. Ku tsaya a yi a gabanku in sun yarda, za ku koyi abu mai yawa. Ranar da za a ɗaura shi, a sa sababbin filtoci, a wanke tanki, domin dattin da ya cinye shi da farko yana nan inda yake. Sannan a yi lodi, ku hau gaba kusa da direba, a koma tudun da ya ce a nan take gazawa, ku ga da wace giya za ta haye.